Garin Masarar Baba

Shekara talatin Baba yana karya kumallo da tamis, burodin tanderu, da ful, dafaffen wake, rana ɗaya likita ya ce masa alkama ce ke cinye masa hanji. Ni na raka shi asibitin, don Umma gwiwa ta hana ta fita, kuma ni kaɗai na gama sakandare a gidan. Likitan Bamisre ne mai saurin magana kamar ana korarsa. Ya rubuta mana a takarda: alkama, sha'ir, da duk abin da suka taɓa. Ya ce akwai wani abu a cikinsu, gulutin, jikin Baba ya ɗauke shi abokin gaba. Babu ƙwaya, babu allura. Magani shi ne kada ko ƙurarsu ta shiga bakinsa.

Baba ya juyo ya ce min da Hausa, "Tambaye shi, har tamis?"

Na ce, "Har tamis."

"Ai ba ki tambaye shi ba."

"Baba, da me ake yin tamis? Da yashi?"

Likita bai ji Hausa ba, amma ya kalle ni. Na saba da irin wannan kallon.

A lokacin shekarata ashirin da ɗaya. A unguwar Sa'alaba aka haife ni, nan ƙasar Larabawa, a gidan hayar da muke ciki har yau. Baba direba ne a wani kamfanin siminti da rodi a Mahjar, kuma ciwon cikin nan ya hana shi zaman mota. Sai ya yi kwana biyu a bakin aiki ya yi uku a kwance. Kafilinsa, maigidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya kira shi ofis ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: iƙama, takardar izinin zama, za ta ƙare a watan Sha'aban, idan har lokacin bai miƙe ba, huruj za a buga masa, hatimin fita daga ƙasar, ya tafi ke nan ba dawowa. Mu huɗu ne rataye a iƙamar nan tasa, Umma da ni da ƙannena mata biyu. Haɗejan da za a mayar da mu ban taɓa ganinta ba sai a bakin Umma. Muna cikin Safar. Wata shida ke gare mu.

Ranar da muka dawo daga asibiti na juye kicin. Fulawa da taliya da baƙsumat, busasshen burodi, na kwashe na rabar a layi. Na sayo wa Baba sabuwar tukunya da muciya da rariya, na ɗaura musu jan zare, na ce duk wadda ta taɓa su da ni za ta yi. Matsalar ita ce abin da za a zuba a tukunyar. Mai baƙalar unguwarmu, shagon kayan masarufi, da ludayi ɗaya yake ɗibar fulawa ya ɗebi garin masara ya ɗebi shinkafa, ya karkaɗe shi a cinyarsa. Injin niƙan unguwa kuwa komai yake haɗiya. Ina son abu a rufe, da ɗinkinsa, da rubutu a jikinsa.

Irin wannan sai a babban kantin sari da ke can bakin titin fita gari, kuma ba a shiga sai da kati, katin ma na masu shago ne. A layinmu mutum ɗaya ke da shi: Khala, maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan, mijinta na da baƙala a Balad. Mace ce mai jiki da dariya, Hausarta rabi Larabci. Farkon kowane wata take kwashe matan gida shida a motar mijinta mai buɗaɗɗen baya, a je a sayo buhunhuna, a hau da su saman benenta a raba da kwano. Umma ce ke zuwa mana a da. Da gwiwa ta kayar da ita, na karɓa.

Kantin nan kamar filin jirgi aka rufe da kwano. Kantoci sun kai rufi, motocin ɗaga kaya suna ƙii-ƙii a bayanka, sanyi kamar a firji. Ba a sayar da abu guda. Idan gishiri kake so, sai ka ɗauki na shekara. Sauran mata sun san hanyarsu, shinkafa, mai, sukari, su fito kafin a rufe don sallah. Ni kuwa sai na tsaya gaban kowane kwali ina ɗaga niƙabi ina karanta ƙananan rubutu. Can a lungu, kusa da abincin masu ciwon sukari, na sami ɗan abin da aka ware wa irin su Baba: taliyar shinkafa, wani biskit mai kama da kwali, da garin masara buhu-buhu, an zana zangarniyar alkama a jikinsa an soke ta da jan layi.

Na ce, "Wannan za mu riƙa saye."

Khala ta ce, "Masara ai masara ce, ya bitti, 'yata."

"Wannan ba a niƙa ta inda ake niƙa alkama ba. Ga shi a rubuce."

"To, Daktora ta yi magana. Yalla, ku ɗora."

Tun ranar sunan ya bi ni. Aka ɗora buhu uku na masara. Khala ta sa aka ƙara buhun fulawa guda a gefe, ban ko tambaya ba, na ɗauka na shagon mijinta ne. Na dai sa aka raba tsakaninsa da namu da kwalin sabulu.

Rabon ne ba na iya zama. Saman benen nan rana ta gama gasa shi, a shimfiɗa leda, a ɗora shayi, a fara da ciwon ƙafar wance a gangaro kan 'yar wane da ta ƙi aure, kuma na san daga nan kaina za a sauko. Abin da za a gama cikin rabin awa sai ya kai magariba. Na sayi sabon bokiti mai murfi, na wanke shi da kaina, na hau na ajiye na ce a zuba mana namu a ciki, kada a taɓa shi da kwanon da ya taɓa wani abu. Khala ta ce, "Ala aini," wato an gama. Na sauko. Da yamma na koma na ɗauko shi cike, a rufe.

Tuwon ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Sumul, da danƙo, ka yanka malmala ta tsaya da kanta. Umma ta ce ashe abin kati daban ne, kamar an sa alabo. Na ji daɗi har cikin raina. Ni na zaɓo.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Baba bai tashi ba. Ina ganinsa ya ɗauki ƙusa ya ƙara huda a bel ɗinsa, ya juya baya don kada mu gani. Muka koma asibiti aka ɗebi jini. Likita ya duba takarda ya ce har yanzu alkama na shiga cikin mutumin nan. Ya ce, "Ko wani na ba shi, ko shi yana ba kansa." Wannan karon ban fassara ba. Baba ya ji Larabcin sarai.

Kantin na fara zarga. Kayan waje duk ana manna musu takardar Larabci a kan rubutun asali, sai na ce me aka rufe a ƙarƙashi? Da muka koma na sa farce na riƙa ɓare takardun ɗaya bayan ɗaya, kwalin taliya, kwalin biskit, ina gwada na sama da na ƙasa. Wani ma'aikaci ya tsaya yana kallona, ya tafi ya dawo da mai gadi. Mai gadin ya ɗauka kwanan wata nake canzawa. Ya ce in ba shi kati. Khala ta iso tana haki, ta rufe shi da Larabcin Sudan, ta ce yarinya ce, ubanta ba lafiya, kanta ya ɗan taɓu. Ya ƙyale mu. A mota ta ce, "Idan aka karɓe katin nan, gida shida kika kashe wa tukunya." Na ce ai ban sami komai ba. Ta ce, "Shi ne abin da ya fi ba ki haushi, ko?" Gaskiya ta faɗa.

Sai na koma kan Umma. Umma ba ta iya ganin Baba yana kallon abinci. Na buɗe akwatinta, na laluba ƙarƙashin katifa, na shinshina tukunyar jan zare. Na ce mata, "Umma, idan tausayi ne, tausayin nan zai kai mu Haɗeja." Ta ce, "Haɗejan ba wuta ba ce, can aka haife ni." Amma ta yi kuka, kuma ban sami komai ba. Na hana ƙannena shigo da burodin makaranta gidan. Na kori dunƙulen miya, na kori yajin da ake sayowa, na kori biskit ɗin lungu ma duk da jan layinsa. Abu ɗaya na yarda da shi, garin da na karanta buhunsa da idona. Na mayar da Baba tuwon masara rana da dare, ɗumame da safe, kunun masara idan ya ji ƙishin abu mai zafi.

Ya ƙara lalacewa.

Saura mutum ɗaya, kuma tun daga asibiti zuciyata ke nuna min shi: Baba kansa. A kan kwanar layinmu akwai tanderun wani Ba'afgane mai tamis, daga tagar ɗakinmu ana hango shi. Bayan sallar asuba Baba ta nan yake bi ya dawo daga masallaci. Na fara tsayawa bayan labule. Kullum sai ya rage tafiya idan ya zo wurin. Wata rana ya tsaya cak, hannunsa a baya, mutane na miƙa kuɗi suna karɓar tamis da zafinsa a takarda, shi yana tsaye kamar mai jiran a kira sunansa. Ya daɗe. Sannan ya taho, hannu ba komai. Na ce a raina, ya san ina kallo. Wa ya san abin da yake yi a Mahjar, inda direbobi ke zama su kewaye faranti ɗaya? Na riƙa karkaɗe aljihun rigarsa kafin wanki ina neman ɓurɓushi. Na shinshina hiraminsa. Har Ba'afganen na je na tambaya, ya ce shi bai san fuska ba, hannu ya sani.

Wata ranar Juma'a muna cin abinci na kasa riƙewa.

Na ce, "Baba, ka faɗa min gaskiya. Kana ci a waje?"

Ya ce, "Ba na ci."

"Likita ya ce kana ci. Jini ba ya ƙarya."

"To ni ke ƙarya ke nan."

Umma ta ce, "Ke, ki ji tsoron Allah. Ubanki ne."

Na ce, "Ubana ne shi ya sa. Baba, ka rantse."

 Ƙannena suka sunkuyar da kai. Baba ya cire hannunsa daga kwano, ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya wanke hannu. Ya ce, "Wallahi, tallahi, tun ranar da muka fito daga wurin likitan nan ban sa alkama a bakina ina sane ba." Ya kalle ni. "Ya isa, ko in ɗauko Alƙur'ani?"

 Abin kunyar shi ne, ko a lokacin ban yarda ba. Daga ranar ya daina yi min magana sai abin da ya zama dole. In ajiye masa tuwo, ya ci, ya tashi ya shiga banɗaki, in ji shi ta bango.

Farkon Jimada Sani, saura wata biyu, ba ni da sauran wanda zan zarga. Na ce wannan karon buhun nan zan bi, daga kanti har tukunya, ba zan ɗauke ido ba ko da za a yi gulmata a gabana. Muka sayo, aka hau da kaya saman bene, na ajiye bokitina na zauna a kansa.

Khala ta ce, "Masha Allah! Yau Daktora za ta sha shayinmu? Ku duba ko rana ta fito ta yamma, ta teku."

Aka yi dariya. Aka zuba min shayi, ban sha ba. Aka shimfiɗa babbar leda, aka farke buhunan masara uku aka juye, ya yi tudu. Na duba kwanon awo, a wanke yake. Na fara jin haushin kaina da na ɓata yammata. Sai Khala ta miƙe ta jawo buhun nan na huɗu, wanda kullum nake sa a raba shi da namu da kwalin sabulu. Ta farke bakinsa. Ta cika kwano ta watsa a kan tudun masara. Ta sake cikawa. Mata biyu suka naɗe hannun riga suka zura hannu har gwiwa suna juyawa, hira ba ta ko tsaya ba.

Na ce, "Khala, me kike zubawa?"

"Danƙo, ya bitti."

"Fulawa ce."

"To da mene ne? Garin ƙasar nan ai yashi ne, ba ya kama jikinsa. A gida alabo ake sawa, nan ina alabo? Haka uwata take yi tun muna Madani, can Sudan. Kwano biyar a buhu uku, kuma daga nawa nake zubawa, ban taɓa cewa kowa ya biya ba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki iya ɗaura zani."

Na miƙe, bokitin ya kife. Abin da na faɗa ba zan iya maimaita shi duka ba. Na dai san na ce mata wata huɗu tana zuba wa ubana guba da hannunta tana dariya. Na ce idan aka buga mana huruj ita ta buga.

Khala ta tsaya da kwano a hannu, fulawa har goshinta. Ta ce, "Guba? Burodi aka hana shi, wa ya ba shi burodi? Wannan tuwo ne. Kin ce kada kwano ya taɓa wani abu, na wanke shi da sabulu sau biyu saboda ke."

Wata tsohuwa da ke jingine da tankin ruwa, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ce, "Yarinya, ba a ɓoye ake yi ba. Da kina zama cikin mutane, da tun watan fari kin gani."

Na ɗauki bokitina ba komai a ciki na sauko. Ina kan matakala na ji Khala tana cewa, "Halas, magana ta ƙare. Kada ta ƙara hawa motata."

A gida na tarar da Baba a kwance a falo, fanka na kaɗa shi. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa masa komai, da sauri, kamar mai karanta takardar wani. Umma ta dafe ƙirji. Ta ce ita ta san ana sa wani abu tun tana zuwa, amma wa zai kira kwano biyar alkama? Baba ya saurare ni har na gama. Na jira ya ce min "kin gani". Bai ce ba.

Ya ce, "Me kika ce wa matar?"

Na faɗa masa rabi.

"Sauran fa?"

Na faɗa masa sauran.

Ya tashi zaune da ƙyar. Ya ce, "Kati nata ne. Hanji nawa ne. Baki naki ne. A cikin ukun nan ki duba wanda zai lanƙwasu."

Kwana biyu na yi ina neman wata hanya. Babu wani mai kati da muka sani, kuma Baba na cin farar shinkafa da man zaitun kamar ɗan kurkuku. A rana ta uku na sa abaya na ƙwanƙwasa ƙofar Khala. Ta buɗe, ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce in shigo. Na fara magana ta ɗaga hannu. Ta ɗora shayi. Ta zuba min kofi, na sha. Ta zuba na biyu, ta ba ni labarin ciwon bayan mijinta tun daga farkonsa. Ta zuba na uku, ta tambaye ni me ya sa na ƙi ɗan wance mai gyaran na'urar sanyi. Na zauna. Ƙafata ta yi sanyi, na zauna. Sai da kofi na uku ya ƙare ta ce, "To, faɗi."

Na ce ta yafe min.

Ta ce, "Ubanki ya taɓa ɗaukar mijina a bayansa zuwa asibiti. Da na san ƙurar ma cuta ce, da hannuna ya bushe kafin in zuba." Ta share ido da gefen mayafi. "Watan gobe sai a ɗebar muku naku tukuna kafin a haɗa."

Na ce, "A'a. Buhu guda nake so, da ɗinkinsa, kada ya hau benen ma."

Ta kalle ni, sai ta fashe da dariya. "Wallahi ke ba za ki gyaru ba. Kin zo ban haƙuri da sharaɗi." Washegari mijinta ya sauke mana buhu a ƙofar gida. Na juya shi ta kowane gefe, na bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe kafin na bari a shigo da shi.

Tukunyar jan zare da muciya da rariya duk na zubar, na sake sababbi. Tuwon farko da na tuƙa da garin nan ya ƙi haɗuwa. Ka ɗebo ya watse a hannu. Baba ya gwada sau biyu, ya ce a miƙo masa cokali. Ya ce, "Wannan ai siminti ne da aka manta ba a zuba wa ruwa ba." Ita ce magana ta farko da ya yi min wadda ba ta dole ba. Na buɗe baki in ce masa wani abu game da ranar Juma'ar nan, na ce, "Baba..." Ya ce, "Ƙaro miya." Na ƙaro. Daga nan ban sake samun bakin zancen ba, shi ma bai taɓa tayar da shi ba.

Ba a rana ɗaya ya warware ba. Sati biyu ban ga komai ba, har na fara kallon sabon buhun da wani ido. A sati na uku na lura na daina jin sa ta bango. Cikin Rajab ya yi sati biyu cur bai fashi aiki ba, ya koma hudar bel ta da, ta ƙusar ta zama ta banza. Kafilin ya ja mana rai har tsakiyar Sha'aban, sannan ya sabunta iƙamar, shekara ɗaya. Umma ta dafa shinkafa da kaza ta aika wa Khala, kwanon ya dawo da dabino a ciki, an rufe shi da leda, an ɗaure da jan zare.

Na ci gaba da zuwa kantin duk farkon wata, kuma na ci gaba da karanta kowane kwali, har wanda na karanta watan jiya. Ina hawa benen in zauna har a gama rabo, ko da ba ni da kwano a ciki. Tagar ma ban daina ba. Bayan asuba sai in tsinci kaina bayan labule. Baba na zuwa wajen tanderun ya rage tafiya, ya ɗan tsaya ya shaƙi ƙamshi. Idan zai taho, ba ya ko ɗaga kai ya dubi gidanmu. Sai dai ya zare hannayensa daga baya, ya buɗe tafukansa duka biyu saitin tagar, ya riƙe su haka har ya shigo layi.